Abin da wasiƙun sirrin yaƙin Amurka suka koya mini

Lokacin da muka zo kan yaƙin neman 'yancin Amurka a karatun tarihi, dabarun ɓoye rubutu ne suka fara ɗauke mini hankali. Benedict Arnold, janar ɗin Amurka da ya ci amanar ɓangarensa, da Manjo John André na rundunar Ingila suna musayar wasiƙun sirri; kowa ya riƙe kwafin littafi iri ɗaya, kowace kalma sai a rubuta ta da lambobi uku: shafi, layi, da gurbinta a layin. Dabara ce mai kyau. Amma da na bi labarin har ƙarshe, na ga ba ta nan asirinsu ya tonu ba. Ranar 23 ga Satumba 1780 wasu 'yan sa-kai uku na Amurka suka tare André kusa da Tarrytown, suka sa ya cire takalmi, sai ga takardun sansanin Amurka na West Point, waɗanda Arnold ya ba shi, cikin safarsa, a rubuce ƙarara. An rataye shi ranar 2 ga Oktoba.

Labarin Dakta Benjamin Church ya fi taɓa ni. Shi ne babban likitan rundunar George Washington, babban kwamandan sojan Amurka, mutumin da aka amince wa, alhali yana kai wa Turawan Ingila rahoto. A 1775 ya rubuta wasiƙa da alamomi a madadin haruffa, ya ba wata mata da yake hulɗa da ita. Ita kuma ta damƙa wa wani mai gidan burodi a Newport, shi ko ya ji bai natsu ba, ya riƙe ta har ta kai hannun Washington. Warware rubutun bai ɗauki kwanaki da yawa ba, ƙirga alamar da ta fi yawan fitowa aka yi. Sunan Church kuwa daga bakin matar ya fito, bayan an matsa mata da tambaya.

Tun daga nan, duk takardar sirrin da na karanta, sai na fara tambayar hannu nawa ta bi.

Shi ya sa nake girmama Benjamin Tallmadge, wanda ya jagoranci ƙungiyar 'yan leƙen asirin Washington da ake kira Culper a New York. Kundin lambobinsa na 1779, mai kalmomi 763, ba wani mai wuya ba ne: Washington 711, New York 727. Ƙarfinsa na wajen rufa wa mutanensa asiri, domin rayukansu ne a hannunsa. Washington kansa bai san wane ne ɗan leƙen asiri mai lamba 723 ba. Sai wajen 1930 wani mai binciken tarihi, Morton Pennypacker, ya gwada rubutun hannu ya gano cewa ɗan kasuwa Robert Townsend ne.