Ga matasa masu gyaran bawul a masana'antu: abin da hannuna ya aikata a masaƙa

A makon jiya an kira ni wata masana'antar tatsar mai da ke Sharaɗa a Kano domin in duba bawulolin tururi da aka kwance lokacin da aka tsayar da aiki don gyaran shekara. Ina tsaye a bakin teburin aiki sai na ga wani matashi, wanda bai daɗe da gama kwalejin fasaha ba, ya ɗauki tsohon gasket ɗin da ya ciro daga ƙarƙashin hular bawul, wato zoben da ke hana yoyo, ya goge shi da tsumma, ya shafa masa giris, yana shirin mayar da shi inda ya fito. A gefensa kuma ga guntun bututu da ya zura wa sifana domin ya ƙara mata tsawo. Na ce masa, "Yaro, ajiye wannan." Ya ɗago kai ya ce, "Baba, ai bai lalace ba, kuma mai sito ya ce babu sabo sai an yi oda daga Legas." Wannan amsar ce ta zaunar da ni yin wannan rubutu, domin ita ce dai na ba wa kaina shekaru da dama da suka wuce, kuma wani bawan Allah ne ya ɗauki sakamakonta a fatar jikinsa.

Bawul ɗin da nake magana a kai ba irin na famfo ba ne da ake murɗawa da hannu. Yana karɓar umarni ne daga ɗakin kula da injuna ta siginar lantarki ta miliamfiya 4 zuwa 20, a mayar da ita ƙarfin iska, wanda a tsofaffin masana'antu yake tsakanin fam 3 da 15 a geji. Iskar tana danna faifan roba da ke cikin kan bawul, faifan ya danne sifirin, sanda ta motsa, fulogin da ke ƙarshen sandar ya ɗaga daga mazauninsa ko ya sauka a kai. Tsakanin jikin bawul da hularsa akwai gasket, wanda a layin tururi galibi naɗaɗɗen siririn ƙarfe ne da aka cusa wa girafayit. An yi shi ne domin a matse shi sau ɗaya, ya lotsa ya bi siffar fuskokin biyu. Idan aka kwance hular, ba ya komawa kaurinsa na farko, kuma ido ba ya ganin wannan bambancin, shi ya sa yake yaudarar mai gaggawa.

Ni abin ya same ni ne a ƙarshen shekarun 1980, ina babban makanikin na'urori a wata masaƙa a Kakuri, Kaduna. Duk wanda ya yi aikin masana'anta a wancan lokaci ya san abin da ya biyo bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. Naira ta faɗi, kayan gyaran da ake shigo da su daga Turai da Amurka suka yi tsada suka kuma yi wuya, sito ya koma kantocin da babu komai a kansu sai lambobi. Bawul ɗin da ke ba sashen rini tururi ya fara wasa, ba ya riƙe zafi yadda masu rini suke so, aka ce a gyara shi a hutun Sallah kafin ma'aikata su dawo. Tururin layin yana kan matsin bar 10, wato zafinsa ya haura digiri 180. Muka kwance shi, muka wanke, muka goge mazaunin, sai aka zo haɗawa babu gasket. Manajan samar da kaya yana zuwa yana komawa, kowane zuwa da tambaya ɗaya: yaushe za a buɗe tururi? Na ɗauki tsohon, na juya shi a haske, na ga bai tsage ba, na mayar.

Da a nan na tsaya, wataƙila da abin ya zo da sauƙi. Da yake zuciyata ba ta kwanta da gasket ɗin ba, sai na yi niyyar rama rauninsa da ƙarfin hannu. Na zura bututu a sifana, na bi notocin hular ɗaya bayan ɗaya a kewaye, kowanne ina kai shi maƙura kafin in matsa zuwa na kusa da shi, don haka hular ta zauna a karkace, gefe guda ya murƙushe gasket ɗin, ɗaya gefen kuma ko riƙe shi bai yi sosai ba. Na matse fakin, wato zobban da ke toshe kewayen sanda, har sai da sandar ta riƙa tafiya da tsalle maimakon sulɓi. Da na ga tsawon tafiyar sandar bai yi daidai da ma'aunin da ke jikin bawul ba, sai na kama ta na murɗa alhali fulogi yana zaune a kan mazauni, abin da kowane littafin kamfani ya hana, domin yana karce fuskar da muka gama gogewa. Daga nan aka miƙo mini katin aiki. Akwai layi na gwajin ruwa, akwai na gwajin yoyon mazauni, akwai na gwajin tafiyar sanda. Babu wanda na yi a cikin na farko da na biyu. Na sa hannu a kan dukkansu, na tafi gida cin tuwon Sallah.

Bawul ɗin ya yi aiki kwanaki kaɗan ba tare da matsala ba, har na fara ganin kaina gwani. Amma layin rini ana buɗe shi ana rufewa, ƙarfe yana ɗaukar zafi yana sanyi, kuma kowane zagaye yana sassauta abin da dama bai zauna daidai ba. Wata rana da dare tururi ya ɓalle ta gefen hular daidai lokacin da wani ma'aikacin sashen rini yake wucewa da amalanken yadi. Ya ƙone daga wuya zuwa gwiwar hannu. Na je duba shi a asibiti, na tarar an lulluɓe hannun da bandeji, matarsa tana yi masa fifita da murfin kwano. Ya yi mini godiya da na zo, yana cewa ƙaddara ce. Na amsa da cewa haka ne.

Da aka zauna bincike, katin aiki ya nuna an yi duk gwaje-gwaje, da sa hannun babban makaniki. Saboda haka aka nemi laifi a wani wuri, aka same shi a kan yaron da yake koyon aiki a hannuna, aka ce shi ne ya ɗaure notocin. Ya riƙe mini sifana, gaskiya ne, amma ni na ɗaure. An sallame shi, ni kuwa ina zaune a ɗakin ban ce uffan ba.

Na daɗe ina kare kaina, kuma har yau ban daina gaba ɗaya ba. Ba ni na hana sito kaya ba. Ba ni na karya darajar naira ba. Sifana mai awon ƙarfi guda ɗaya muke da ita a masaƙar, ita ma tana kulle a ofishin injiniya wanda ya tafi garinsu hutu. Famfon gwajin ruwa ya lalace tun kafin azumi, na rubuta takarda a kai ba a kula ba. Ina da mata da 'ya'ya ƙanana, kuma a lokacin ana ta rage ma'aikata, wanda duk ya ce a dakata da aiki shi ake fara tunawa idan an zo rubuta sunaye. Duk wannan gaskiya ne, kuma ina jin haushin masu zama a ofis mai sanyi su yi wa makaniki wa'azin bin ƙa'ida bayan su ne suka hana shi kayan bin ƙa'idar. Sai dai babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya riƙe hannuna ya sa ni rubuta cewa na yi gwajin da ban yi ba. Da na rubuta gaskiya a katin, da an sa shinge a wurin, ko an sauya gasket ɗin da zarar sabo ya iso, da kuma yaron nan bai rasa aikinsa ba. Na neme shi daga baya, aka ce ya koma ƙauyensu.

Na yi niyyar jero muku shawarwari masu yawa, har na fara rubuta su a takarda, amma na san halinku, ba kwa karanta abin da ya wuce tsawon fuskar waya. Saboda haka ga kaɗan.

Gasket ɗin da aka kwance ya gama aiki. Ku lanƙwasa shi ko ku datse shi biyu kafin ku jefar, domin idan kun bar shi lafiya wani zai tsince shi. Kada a kwance bawul sai an ga sabon gasket da sabon fakin a kan tebur da ido, ba a bakin mai sito ba. Notocin hula kuma a shafa musu man da ya dace, a ɗaure su a gicciye, wannan da na daura da shi, a matakai, kamar kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da littafi ya faɗa, sannan biyu cikin uku, sannan cikakke, a ƙarshe a kewaya duka a tabbatar. Bututu a jikin sifana ba shi da wurin zama a wannan aiki.

Kwancewa ma tana kashe mutum, har ta fi haɗawa saurin kisa. Rufe layi da sa kwado ba sa fitar da abin da ya maƙale a cikin jikin bawul. A sassauta notocin hula kamar milimita 3 kawai, a girgiza hular ta saki, a jira a ga ko wani abu zai fito, sannan a cire su. Kan bawul kuwa a saki sifirin tukuna, kuma inda akwai dogayen kusoshi su ne na ƙarshen cirewa, domin sifirin da ke danne yana iya harba murfin a fuskar mutum. A watan Yulin 2021, a wata masana'antar sinadarai a La Porte ta jihar Texas a Amurka, ma'aikata sun je cire kan wani bawul, suka kwance notocin da ke riƙe da murfin matsi suna zaton na kan ne, ruwan asid ya kwararo, mutum biyu suka mutu. Tun a 1989 ma, a Pasadena ta wannan jiha, an mayar da tiyon iska biyu na wani bawul a juye, ya buɗe lokacin da ake zaton a rufe yake, gas ya fita ya fashe, mutum 23 suka rasa rayukansu. Can ba su rasa kayan gyara ba. Saboda haka kafin ku cire komai ku yi alama da fenti a kan tiyo, da fuskar hula, da kibiyar da ke nuna inda ruwa yake bi, ku ɗauki hoto. Wannan ne kawai amfanin wayar da na yarda da shi a ɗakin gyara, ko da yake mafi yawanku hoton kanku kuke ɗauka da hular kwano a ka, bawul yana baya kamar ado.

Fakin a matse shi daidai yadda zai hana yoyo, a tsaya. Na roba mai santsi da ake kira teflon yana jure zafi zuwa wajen digiri 230, abin da ya wuce haka sai girafayit, shi kuma ya fi riƙe sanda, don haka hannu mai nauyi ya fi yi masa illa. Na ce ku bi littafin kamfani, kuma ina nan a kan bakana, ko na Fisher ne ko Masoneilan ko Samson, kowanne da lambobinsa, kada a ɗauki na wani a ɗora wa wani. Amma littafi ba zai gaya muku cewa sanda tana tsalle ba. Sai kun ɗora yatsa a kanta, an ba da miliamfiya 4, 8, 12, 16, 20, an dawo ƙasa a hankali, kun ji ko tana sulɓi ko tana maƙalewa tana fizga. Na'urorin daidaita buɗewa na zamani suna saita kansu da danna maɓalli, kuma suna iya ɓoye bawul mara lafiya ta hanyar yi masa dole da iska. Na ga matasa sun danna, allo ya nuna an gama, sun tattara kaya ko kallon sandar ba su yi ba. Wani ma na tambaye shi idan iska ta ɗauke wannan bawul buɗewa zai yi ko rufewa, ya ce bari ya duba intanet, alhali amsar tana rubuce a farantin da ke manne a gabansa.

Saura maganar sa hannu. Da na so in ce muku duk ogan da ya matsa muku ku haɗa bawul ba kaya, ku ajiye sifana ku ƙi. Na fasa faɗin haka kai tsaye, domin ni ban yi ba, kuma aiki a yau ya fi na zamaninmu wuyar samu, yawancinku ma 'yan kwangila ne da ake iya sallama da saƙon waya. Idan za ku iya ƙi, ku ƙi. Idan an fi ƙarfinku, to ku haɗa, amma katin aiki naku ne. Gwajin jikin bawul da ruwa ana yin sa ne da ninki ɗaya da rabi na matsin da aka ƙayyade masa. Gwajin mazauni na aji na huɗu, wanda shi ne na yawancin bawuloli masu mazaunin ƙarfe, bai yarda yoyo ya wuce kashi 0.01 cikin ɗari na abin da bawul ke iya wucewa da shi ba. In kun yi, ku rubuta lambar da kuka gani a geji. In ba ku yi ba, ku rubuta "ba a yi ba" da dalili, ku rubuta cewa tsohon gasket aka mayar da sunan muƙamin wanda ya ba da umarni, ku sa kwanan wata, ku ba shugaban 'yan aikin dare kwafi hannu da hannu domin ya san inda zai hana mutanensa bi. Kuma sunan wanda ya ɗaure notoci shi za a rubuta a layin ɗauri, ko da kuwa yaron da ke koyo a hannunku ne ya riƙe muku sifana.