Makulli ɗaya ya ishi bangon nan

Sati uku kenan ina fama da bangon wani littafin almara, irin na aljanu da ɓoyayyun birane ɗin nan. Marubuciyar ƙawata ce, ta ce in taimaka in sake mata dizain kafin bugu na biyu. Na ce sai na karanta tukuna, kuma wallahi da na gama na koma na kalli tsohon bangon sai da jikina ya yi sanyi, don abin da ke ciki da abin da ke waje kamar ba su taɓa haɗuwa ba.

Tsohon bangon an cusa masa komai da komai. Ga dodo mai fukafukai yana aman wuta, ga ganuwar birni, ga takobi, ga walƙiya, ga yarinya can ƙasa an matse ta a lungu, sunan littafin kuma da ja aka rubuta har da inuwa hawa biyu. Duk suna cikin labarin, ba ƙarya aka yi ba, amma shi dodon a babi ɗaya kacal ya fito fa. Ainihin labarin na yarinyar ne, ƙaninta ya ɓace a birnin aljanu, ta samu makullin da ke buɗe ƙofar, sai dai duk buɗewa ɗaya makullin na cinye mata wani abu daga abin da take tunawa. Yau ta manta muryar mahaifiyarta, gobe ta manta hanyar gida, tana ƙara kusantar yaron tana ƙara manta kamanninsa. Wannan rashin ne ya hana ni barci, shi nake so mutum ya ji tun kafin ya buɗe shafin farko.

Na fara da macijin nan mai haɗiye wutsiyarsa, tsohuwar alama ce sosai, har a kabarin Fir'auna Tutankhamun an same ta a Masar, sama da shekara 3,300 kenan. Ya yi kyau a takarda amma na ajiye shi, saboda abin da yake nufi shi ne komai na zagayowa ya dawo, a labarin nan kuwa abin da ya tafi ya tafi kenan.

Sai na koma kan makullin. Na zana shi ƙato, a tsaye, ya cika bangon daga sama har ƙasa, babu mutum babu dodo. A kan makullin, wajen da ake riƙewa, maimakon ramin da aka saba gani sai na yanke shi da siffar kan ƙaramin yaro ta gefe, goshi, hanci, haɓa, amma ban zana ido ko baki ba, fili ne kawai launin bango ke leƙowa ta ciki. Dabarar ba tawa ba ce, masu zane sun daɗe suna sa filin da aka bari ya yi magana, ku duba tambarin FedEx, kamfanin aika kaya na Amurka, da mai zane Lindon Leader ya yi a 1994, akwai kibiya tsakanin E da x wadda ba a zana ta ba, haruffan ne suka bar mata wuri. Nan ma haka, yaron na nan kuma ba ya nan, daidai yadda yake a ran yayarsa. Sannan daga gefe ɗaya na sa jikin makullin yana marmashewa, ƙananan ɓurɓushi na tashi sama suna ɓacewa.

Da na tura mata sai ta kira ni, ta ce ke kuwa ina dodona, ta yaya mai saye zai gane almara ce, kar fa a ɗauka littafin bincike ne. Kuma tana da gaskiya, bango dole ya faɗa wa mutum irin labarin da zai shiga, in ba haka ba an yaudare shi. Kwana biyu ina juya maganar, har na lura haƙoran makulli in ka juya su ai hasumiyoyi ne. Na mayar da su birnin aljanun, hasumiya biyar a kife, kai a ƙasa, da ƙananan tagogi masu haske. Wannan gyaran ya fi duk abin da na yi ni kaɗai kyau, kuma ƙorafinta ne ya haife shi.

Launi biyu kawai na yi amfani da su, shuɗi mai duhu da ruwan lemo mai kama da zinare, don a da'irar launuka suna fuskantar juna, kowanne na ƙara fito da ɗan'uwansa. Kala na magana tun daga nesa, kamfanin buga littattafai na Penguin ma da ya fara a Ingila a 1935 da kala ya riƙa rarrabe littattafansa, ruwan lemo na ƙirƙirarrun labarai, kore na labaran laifi, shuɗi na tarihin rayuwar mutane.

Inda na sha wuya shi ne gwajin bugu. Shuɗin da ke sheƙi a sikirin ya fito a dushe, saboda sikirin da haske yake haɗa kala, tsarin da ake kira RGB, injin bugu kuma da tawada huɗu, tsarin da ake kira CMYK, wasu shuɗin ba ya iya kamo su. Dole na juya fayil ɗin na sake gyara kalar da hannu, na tabbatar yana kan 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci don hoton ya fito tar, na kuma bar rarar milimita 3 kowane gefe don wuƙar yanka. Sai na ƙanƙance hoton ya koma kamar girman babban yatsa, yadda za a gan shi a waya, makullin ya fito sarai, kan yaron ma ana gani, amma ɓurɓushin sun zama kamar datti, sai na rage yawansu na ƙara musu girma.

Saura bayan littafin yanzu, ina so in sa ƙofar a can ita kaɗai, a ɗan buɗe, ba kowa a bakinta, gobe in sha Allah zan tura mata ta gani.