Takalman yara a Auschwitz

Daga Krakow motar bas ta kai mu garin Oświęcim cikin kamar awa ɗaya da rabi. Gari ne irin na kudancin Poland, ga shaguna, ga 'yan makaranta a bakin titi. A gefensa 'yan Nazi na Jamus, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, suka kafa sansanin gwale-gwale na Auschwitz, inda suka hallaka mutum kusan miliyan 1.1, kimanin miliyan ɗaya daga ciki Yahudawa.

Tun 1947 aka mai da wurin gidan tarihi, kuma ƙa'idar masu kula da shi ta shiga raina: abin da aka tarar a tsare shi yadda yake, kada a sabunta. Allon ƙarfen da ke saman ƙofar shiga kwafi ne, saboda ɓarayi sun sace na asalin a Disamban 2009 suka yanka shi gida uku. An gano shi, an haɗa, an killace.

A ɗakin da aka tara takalman waɗanda aka kashe na fi daɗewa. Tuli guda a bayan gilashi, fata ta bushe ta tsattsage, launi duk ya koma ruwan ƙasa, sai jefi-jefi ka hango wani ja. Na yara kaɗai sun kai 8,000. Jagoranmu ta ce ma'aikata ɗaya bayan ɗaya suke ɗaukarsu, su share ƙura da buroshi mai laushi, ba a shafa musu mai, ba a ɗinke inda ya yage. A 2020 suna cikin wannan aiki suka ga sunan wani yaro rubuce a cikin takalminsa. Wallahi sai da na nemi bango na jingina.

Gashin da aka aske wa mata, kusan tan biyu, shi ba a yi masa magani, an bar shi yana ruɓewa a hankali, kuma haramun ne ɗaukar hotonsa. Wasu na cewa a binne shi. Da tarbiyyata ta Musulmi na fahimce su sarai, amma ga masu musanta kisan nan da ransu, kuma waɗanda suka tsira sun kusa ƙarewa. Ni dai ina bayan a bar shi mutane su gani.

Birkenau, ɓangare na biyu na sansanin, na da nisan kilomita uku daga nan. Ɗakunan bulo da aka sa fursunoni suka gina a gurguje kan ƙasa mai dausayi suna karkacewa, an tokare wasu bangayen da katako. Ɗakunan da ake kashe mutane da iskar guba kuwa dakarun SS na 'yan Nazi, masu gadin sansanin, sun tarwatsa su kafin sojojin Sobiyet su iso ranar 27 ga Janairu, 1945, don ɓatar da shaida, kuma ba a sake gina su ba. Kuɗin aikin adana wurin na fitowa ne daga ribar wani asusu da aka kafa a 2009 da burin tara Yuro miliyan 120, Jamus ta ba da rabi.