Wasiƙa daga Texas: fastocin siyasa da ba mai tambayarsu lissafi

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, ya aiki ya iyali, da fatan kowa yana lafiya.

Tun 2020 da Amurka ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da ta ce ana tauye 'yancin addini, ta kuma cire ta a 2021, mutane ke ta tambayata a WhatsApp wai su waye ke juya irin wannan magana a nan. To bari in faɗa muku abin da idona ya gani a Texas, amma fa ku riƙe, ba Kiristoci gaba ɗaya nake nufi ba, cocin baƙaƙen fata ma yawanci wani ɓangaren daban suke zaɓa. Ina maganar masu tsattsauran ra'ayi ne cikin 'yan Ibanjelika, wato wani ɓangare na Kiristocin Furotesta, waɗanda suka mai da mumbari rumfar kamfen.

Ina da maƙwabciya, wata dattijuwa baturiya da mijinta ya rasu, wallahi mutuniyar kirki ce, lokacin sanyin nan na Fabrairun 2021 da wuta ta ɗauke kwana da kwanaki ita ta ƙwanƙwasa mana ƙofa da barguna biyu da tukunyar miya. A jikin firjinta akwai wata takarda da aka raba musu a coci, sunayen 'yan takara a jere da matsayin kowa kan zubar da ciki da Isra'ila, da ita take shiga rumfar zaɓe. Kuma duk wata sai ta cire wani abu daga ɗan kuɗin fanshonta ta aika wa wani mai wa'azin talabijin, wai shuka iri take yi. Na taɓa tambayarta, Mama kin san ina kuɗin nan ke zuwa? Ta yi murmushi ta ce wannan tsakaninsa da Allah ne. Maganar nan ta tsaya min a rai har yau.

Don ƙarfinsu ba na wasa ba ne. Tun 1979 da Fasto Jerry Falwell ya kafa ƙungiyar Moral Majority suka mara wa Reagan baya a takarar shugaban ƙasa suke gini a hankali, a 2016 kusan kashi 80 cikin 100 na fararen 'yan Ibanjelika Trump suka zaɓa, shi kuma ya biya su da alƙalai uku a Kotun Ƙoli, a 2022 kotun ta soke hukuncin 1973 da ya halatta zubar da ciki a faɗin ƙasar. Da aka mayar da ofishin jakadancin Amurka na Isra'ila Birnin Ƙudus a 2018, fastoci biyu 'yan nan Texas, Robert Jeffress da John Hagee, su suka yi addu'a a wurin bikin.

Ni ba na jin haushin mutum ya yi zaɓe da aƙidarsa, mu ma haka muke yi. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne ɗan siyasa ana iya kayar da shi a akwati, alƙali dole ya rubuta hujjarsa, amma faston da ya ɗora su ba wanda ya zaɓe shi ba kuma mai sauke shi. Coci ba ta biyan haraji, kuma ba a tilasta mata miƙa bayanin kuɗi na shekara irin wanda sauran ƙungiyoyin agaji ke miƙa wa hukumar haraji. Akwai dokar 1954 da ta hana su tallata ɗan takara, amma da ƙyar ka ji an hukunta wani. A 2007 Sanata Chuck Grassley, ɗan Republican ne ma fa, ya nemi manyan masu wa'azin talabijin shida su yi bayanin jiragen sama da gidajen alfarma, wasu suka ƙi ba da cikakken haɗin kai, a 2011 aka rufe binciken ba a hukunta kowa ba. Ɗaya daga cikin shidan, Paula White, ita Trump ya ba jagorancin ofishin harkokin addini a fadar White House a 2025.

Jiya na raka Mama gidan waya don ƙafarta na ciwo, ambulan ɗin wannan watan yana hannunta, ta ce in taya ta manna kan sarki.

A gaida mutanen gida baki ɗaya.