Yadda rasit ke cinye hanyar kasuwa

Shekarun da na yi a sashen tara kuɗin shiga na wata ƙaramar hukuma a nan jihar Kebbi sun nuna mini cewa filin jama'a ba a rana ɗaya yake salwanta ba. Ba kasafai ake zuwa da katafila a ƙwace shi ba. Yawanci da ɗan rasit ake farawa.

Nauyin da ke kan ƙaramar hukuma ba kaɗan ba ne. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora mata kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, bayan gida na jama'a, magudanan ruwa, kwashe shara, sa wa tituna suna da bai wa gidaje lamba, har da lasisin keke, amalanke, baro da kwalekwale. Wani zai yi dariyar na ƙarshen, amma a jihar da Kogin Neja ya ratsa ta har Yawuri, kwalekwale ba abin wasa ba ne. To, da me za a yi duk wannan? Kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya ake raba wa ƙananan hukumomi 774, guda 21 daga ciki namu ne. Shekara da shekaru kuɗin sai sun bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, wanda sashe na 162 ya tanada, a cire albashin malaman firamare da sauran abubuwa, sannan abin da ya rage ya iso sakatariya. Idan ya iso bai taka kara ya karya ba, ido sai ya koma kan kasuwa. A nan ake kiranmu a ce a ƙara ƙwazo.

Ga yadda abin yake tafiya, kuma na gan shi da idona. Mai albasa ya baza buhu a bakin hanya ranar kasuwa, a yanka masa tikitin yini. Babu laifi. Baɗi ya nemi a bar shi ya kafa sanda huɗu ya ɗora zana saboda rana, a rubuta masa takardar wucin gadi, ya fara biyan na wata. Damina ta zo, zana ta koma kwano. Ɓarayi suka fasa maƙwabcinsa, ko gobarar hunturu ta lashe layin baya, sai ya ce ai dole ya sa bulo. Daga nan ya sayar wa wani, da shaidu da ɗan goronsu, ya miƙa masa damin rasitai a cikin leda. Ranar da aka aike ni in gaya wa mai shago na uku cewa a kan hanya yake, bai yi faɗa ba. Ledar ya kwance, ya jera takardun a kan benci, wasu har sun yi ja don tsufa, ya ce, "Malam, hatimin wa ke nan? In hanya ce, kuɗin me kuke karɓa?" A doka, rasit shaidar biya ce kawai, ba ta mallaka ba. Amma je ka faɗa wa wanda ya sayar da shanunsa ya saya.

Hanyar da a da motar albasa ke shiga ta juya, yanzu baro biyu ba sa giftawa. Lambatun da ke gefenta an rufe shi da siminti an mai da shi dakali, ruwan Agusta kuwa ba ya neman izini, sai ya bi ta layin 'yan hatsi. Motar kashe gobara kam ba a ma maganarta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rajistarmu. Akwai suna, akwai lambar rumfa, akwai abin da aka biya, amma babu awo ko ɗaya. Iyakokin kasuwar gaba ɗaya a kan wani dattijo suke, sarkin kasuwa, wanda zai tsaya da sandarsa ya ce daga tsamiyar can zuwa tsohuwar rijiya hanya ce tun zamanin En'e. Wata rana na ce masa, "Baba, wannan duk a ina aka rubuta?" Ya ce, "Ɗana, da can wa zai yi gardama har a nemi takarda?" Tsamiyar an sare ta tuni. Daga lokacin muka riƙa rubuta tsawo da faɗin kowace rumfa a bayan takardarta, da sunan maƙwabcin gabas da na yamma, da sharaɗin cewa ba a gina ta da bulo. Bai dawo da abin da ya tafi ba, amma ya rage gardama a sabon layi.

Wajen kasuwa ma haka zancen yake, sai dai hannuwan sun fi yawa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin zama a kansu, har hekta 500 na noma ko 5,000 na kiwo ba sai ta nemi amincewar gwamna ba. Amma gari ba ya tsayawa inda takarda ta ce ya tsaya. Gonar jiya ita ce unguwar yau. Mai unguwa da hakimi sun shaida ciniki, ƙaramar hukuma ta karɓi kuɗi, hukumar tsara birane ta jiha ita ke duba zanen gini, kuma babu wanda ke ganin takardar wani. A tsakanin nan burtali ke ƙanƙancewa, filin ƙwallon firamare ya rasa kusurwa. Na lura maƙabarta ta fi samun masu kare ta, don kowa yana da nasa a ciki. Lambatu da filin makaranta marayu ne.

Da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon maye zaɓaɓɓu da kantomomi, abokan aiki sun yi murna, ni ma na yi. Sai dai ina da 'yar fargaba. Ciyaman mai kuɗi a hannu yana son aikin da za a gani a yanka kyalle, kuma jerin shaguna masu kulle sun fi komai saurin fitowa a hoto. A ina za a gina su? A ɗan sararin da ya rage, inda masu lodi ke juya mota.

Da kansilan mazaɓarmu zai saurare ni, ƙuduri ɗaya zan roƙe shi ya kai zauren majalisa: a ɗauko mai safiyo ya auna hanyoyin kasuwa, tasha, maƙabarta, filin idi da filayen makarantu, a kafa turakun siminti, a mai da jerin ya zama dokar ƙaramar hukuma. Kwafi ɗaya a sakatariya, ɗaya a fadar uban ƙasa, ɗaya a manna a ofishin sarkin kasuwa inda duk mai shirin sayen rumfa zai iya dubawa kafin ya ƙirga kuɗinsa.