Alhaji ya ce mugun kare yake so

Yawancin masu zuwa gidan karnukana a bayan garin Kaduna da magana ɗaya suke buɗe baki: "Malam, mugu nake so, wanda ko maigadi ba zai iya tunkara ba." Nakan ba su kujera, in sa yaro ya fito da Guguwa, wata karya 'yar asalin Beljiyam, irin da ake kira Malinuwa. Takan shinshini takalmin baƙo, ta koma gefe ta kwanta. Wani Alhaji da ya ga haka sai ya ce, "Wannan ai tunkiya ce."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗan dakata." Yarona ya zura hannun cizo, wato hannun riga mai kauri da ake yi don horo, ya taso da sanda yana ihu. Kalma ɗaya na faɗa, kafin Alhaji ya gyara hula ta cika baki da hannun ta riƙe gam. Na ce "saki", ta saki, ta dawo gefen ƙafata ta zauna. Sakin nan shi ne abin da nake sayarwa, cizo kam kowane kare ya iya.

Ni ma da shawarar 'yan unguwa na fara. Aka ce in kulle kare a keji mai duhu, kada ya ga kowa, in riƙa tsokanarsa da kara, wasu har barkono suka ce in zuba masa a abinci. Ya kuwa yi mugunta, don sai da ya yage wa ƙanena ɗan yatsa. Amma ranar da wani baƙo ya buga ƙafa ya yi kansa da gaske, ƙarƙashin mota ya shige yana fitsari. Ashe tsoro na koya masa.

Abu biyu ke sa kare cizo. Na farko kwaɗayin farauta: duk abin da ya motsa sai ya bi, ya kama, ya girgiza. 'Yan farautarmu sun fi kowa sanin wannan. Karen da ke cikin wannan hali jelarsa a sama take, haushinsa siriri, kuma da dukan baki yake kamu, hankalinsa kwance, don shi a wurinsa wasa ne. Na biyu kare kai: ya ga barazana, gashin wuyansa ya tashi, haushin ya yi kauri, ya riƙa cafka da haƙoran gaba yana saki. Wannan kusa yake da gudu, idan aka matsa masa fiye da ƙarfinsa sai ya juya baya. Shi ya sa muke fara wa kwikwiyo da tsumman buhu tun yana wata 2, mu bar shi ya ƙwace ya tafi da abinsa yana taƙama. Mukan dakata idan yana famfara, tsakanin wata 4 zuwa 6, kada ya haɗa cizo da ciwo. Barazanar gaske kuwa sai ya haura shekara, ita ma kaɗan-kaɗan, kuma kullum shi ke cin nasara.

Sai dai horo ba ya ƙirƙiro abin da babu shi a jini. Jamusawa sun gane haka da wuri. Wani tsohon hafsan sojan doki, Max von Stephanitz, shi ya kafa ƙungiyar masu kiwon karen Jamus a 1899, aka kuma ɓullo da jarrabawa mai rukuni uku: bin sawu, biyayya da gadi. Tun 2019 sunanta IGP. Karen da aka ce ya saki ya ƙi, an fitar da shi ke nan, komai ƙarfin cizonsa. Mu a nan girman kai da launi ake dubawa a kai karya barbara, ba a tambayar halin uban. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, matsoraciyar karya ma haka 'ya'yanta ke tasowa. Ba na haɗa kowane kare sai likitan dabbobi ya ɗauki hoton ƙugunsa, domin ciwon gaɓar ƙugu gadonsa ake yi, kuma yana yawan kama manyan karnuka.

Kwana 63 ko kusa da haka karya ke ɗauke da ciki. Daga mako 3 zuwa 12 kuwa kwikwiyo ke sabawa da duniya, don haka nakan sa su ji ƙarar janareto, su ga awaki da yara da mai babbar riga. Nakan yar da murfin tukunya a bayansu. Wanda ya zabura ya dawo ya shinshina, nawa ne. Wanda ya laɓe a lungu, nakan nema masa gidan da ba gadi ake so ba.

Sauran wahalar sana'ar ta yau da kullum ce: kaska, allurar farbo (cutar amai da gudawa ta kwikwiyo) tun suna mako 6 zuwa 8, ta haukan kare a wata 3, ga tsadar abinci. Ga kuma zafi. A watan Maris da Afrilu bayan sallar asuba muke horo, ƙarfe takwas mun tashi. Masu son karen Kokeshiya mai tulin gashi nakan tambaye su ko a Jos suke zaune.

Alhajin nan ya sayi ɗan Guguwa. Sharaɗina shi ne mai kare ya zo da kansa na mako biyu ya koyi ba da umarni. Rana ta farko direbansa ya turo, na mayar da shi. Washegari sai ga shi da kansa da wandon motsa jiki, yana tambayar da wane hannu ake riƙe igiya.