Ƙauyen da kawunan kifinsa ke tafiya Najeriya

A arewacin Norwe sanyi yana da magani: rigar ulu a jiki, wata a kanta, sannan mai tare iska, shi ke nan. Abin da ya fi ci min rai a Bodø shi ne shiru. Ka hau bas, kowa ya nemi kujerar da babu mutum kusa da ita. Maƙwabcinka zai gyaɗa maka kai a matakala ya wuce, ba ina kwana, balle ya iyali. Aiki ya kawo ni garin, a gidan kula da tsofaffi, daga baya iyali suka biyo ni. A hunturun farko, lokacin da haske ke zuwa na 'yan awoyi ya koma, na kusa yanke hukuncin cewa mutanen nan ba sa son mutane.

Wani dattijo ɗan Sudan da muke haɗuwa a masallaci, wanda ya daɗe a ƙasar, shi ya yi min dariya. Ya ce, "Ɗana, a ɗaki kake neman su? Ba sa nan. Suna kan dutse, suna kan ruwa. In kana son su yi maka magana, sayi takalmin kirki."

Gayyatar farko da na samu ma da aiki ta zo. Wani abokin aikina ya ce mahaifinsa yana zaune a Å, can ƙarshen tsibiran Lofoten, kuma ɗakin kwale-kwalensa na bukatar fenti kafin ruwan sama ya lalata katakon. In ina da hali in zo da iyalina a farkon watan Yuni, akwai wurin kwana. Haka suke yi. Ba za su ce zo mu yi hira ba, sai dai su miƙa maka buroshi, hirar ta biyo baya.

Daga Bodø zuwa Moskenes jirgin ruwa ne mai ɗaukar motoci, tafiyar awa uku da 'yan kai a kan mashigin tekun Vestfjorden. Ruwan ba shi da kunya. Uwargida ta kwanta a benci tun daga tsakiya, yaronmu kuwa yana ta zagaye kamar a tsakar gida. Can sai duwatsu suka taso daga cikin teku a jere, baƙaƙe masu tsini, da sauran ƙanƙara a kafaɗunsu. Daga tashar jirgin zuwa Å kilomita biyar ne ko kusa da haka, ta Sørvågen da Tind. A nan babbar hanyar E10, wadda ta taso tun daga Luleå a Suwidin, take ƙarewa a wani filin ajiye motoci bayan an fita daga ɗan ramin dutse. Gaba babu komai sai dutse da ruwa. Sunan ƙauyen harafi ɗaya ne tak, ana furta shi kusan "O".

Kafin ido ya gama kallon jajayen ɗakunan da ke tsaye kan turaku a bakin ruwa, hanci ya riga ya karɓi saƙo. Ko'ina katakai ne a kafe, wasu a shimfiɗe, wasu a tsaye kamar jinka, kuma kifi ne reto a jikinsu, dubbai a kan dubbai. Warin irin na daddawa ne a ranar da ake buɗe ta: baƙo ya toshe hanci, mai ita ya ji ƙanshin ciniki. Su ma a nan cewa suke yi warin kuɗi ne.

Uwargida ce ta tsaya a gaban wani katako da aka jera wa kawuna zalla, an zura su a igiya, bakuna a wangale. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam, wannan ba okporoko ba ne? Wanda maƙwabciyarmu ke sayowa a Sabon Gari?"

Shi ne kuwa. Mahaifin abokina, dattijo mai faɗin tafin hannu wanda ya yi rayuwarsa a kan jirgin su, da ya ji daga inda muke sai ya ajiye kofin kofinsa ya nuna kawunan. Ya ce duk waɗannan gidanku za su. A ƙasar nan yaro yana kiran tsoho da sunansa gatsal, ni kuwa bakina ya ƙi. Baba na riƙa ce masa, ya kuma amsa ba tare da ya tambayi dalili ba.

Shi ya zayyana min yadda abin yake, muna fenti yana zaune a kan akwati yana ba da umarni. Daga Janairu zuwa Afrilu, kifin da suke kira skrei yana barin Tekun Barents, tsakanin Norwe da Rasha, ya yi tafiyar kusan kilomita dubu ya zo nan ya zuba ƙwai. Sai a kama, a yanke kai, a cire kayan ciki, a ɗaure bibbiyu ta wutsiya, a rataya. Ba gishiri, ba hayaƙi, ba wuta; iska kaɗai ke aikin. Sirrin yana cikin yanayin wurin. Ruwan ɗumi da ke gangarowa ta Tekun Atlantika yana hana sanyin yin tsananin da zai daskarar da naman ya farfasa shi, kuma a watannin babu zafin da zai kawo ƙuda. Kifin zai yi kusan wata uku a waje, a sauke shi a watan Yuni, ya ƙara nuna a cikin sito. Kafin a gama, fiye da kashi uku cikin huɗu na nauyinsa ya tafi, ya zama kamar itace, yana shekaru bai lalace ba.

Akwai masu tantancewa, waɗanda da ido da hanci suke raba kifin aji-aji, kusan ashirin. Na gaba-gaba Italiya yake tafiya, cinikin da suke danganta farkonsa da wani ɗan kasuwar birnin Venice na Italiya, Pietro Querini, wanda jirginsa ya lalace ya tsinci kansa a tsibirin Røst a 1432, ya koma gida da busasshen kifi. Kawuna da na ƙasa-ƙasa kuwa a matse su a buhun algarara sai Legas. Baba ya tuna lokacin yaƙin basasarmu, 1967 zuwa 1970, da aka riƙa aika kifin a matsayin agaji saboda yaran da yunwa ta kumbura wa ciki. Ya ce har yau in naira ta faɗi suna ji a jikinsu, domin farashin kai yana faɗuwa tare da ita. Tsoho a ƙauyen da bai taka Afirka ba, yana bibiyar darajar naira fiye da wasu 'yan uwana. Abin ya ɗan sosa min rai kuma, ba zan ɓoye ba: su ci tsoka, su tura mana kai, mu biya da dala. Sai dai duk wanda ya sha miyar da aka dafa da kan nan ya san ba asara aka yi ba.

Abokina ya ce kafin a shanya kawunan, yara ne ke cire harshen. Al'ada ce tsohuwa a Lofoten: yaro zai soka kan a wani ƙarfe mai tsini, ya zare harshen da wuƙa, ya tara ya sayar, kuɗin nasa ne. Shi da su ya sayi kekensa na farko. Yaronmu ya kalle ni, na kalli wani wuri.

Ƙauyen kansa ba ya ɗaukar lokaci. Akwai gidan tarihin masunta, da na busasshen kifi, da tsohuwar masana'antar man hantar kifi, wannan man da muke ɗura wa yara cokali guda kullum a lokacin duhu. Akwai gidan burodi na 1844 da har yanzu ake hura wa tandunsa itace a lokacin bazara. Biredin kirfansu ya cancanci layin da ake yi masa. Wasu fararen tsuntsayen teku sun yi sheƙa a tagogin wani tsohon sito, kuma ba sa barin kowa ya yi barci.

Da fenti ya bushe, Baba ya ce a shiga ruwa. Kowa ya sa rigar da ke hana nutsewa, domin tun 2015 doka ta wajabta ta a ƙananan jiragen da ba su kai mita takwas ba, kuma ruwan nan ko a Yuni mutum ba ya daɗewa a cikinsa. Kamun kifi a teku don cin gida ba ya bukatar lasisi. Kayan aikin ma ba wani abu ba ne: doguwar igiyar roba a naɗe a katako, ƙugiyoyi jere da jan roba a jikinsu, da wani ƙarfe mai nauyi mai ƙyalli a ƙarshe. Ba koto. Za ka saki igiyar har ƙarfen ya taɓa ƙasa, ka ɗaga shi kamu biyu, sannan ka riƙa fizga kana saki. Igiyar tana kan ɗan yatsanka manuni, ta nan kake jin komai.

Na daɗe ina fizgar banza. Can sai igiyar ta yi nauyi, ta fara rawa, ta ci min yatsa har cikin safar hannu. Baba bai ko tashi ba, ya ce ja a hankali, kada ka bar ta ta saki. Hannu bayan hannu, ruwa yana gangarowa cikin hannun rigata, har wani haske ya bayyana a ƙasa yana juyi, ya zama kifi biyu a kan igiya ɗaya, irin wanda suke kira sei, baƙin baya, kowanne ya kai tsawon damtse. Ya miƙo min wuƙa ya nuna ƙasan maƙogwaro: a yanke nan take jinin ya fita, in ba haka ba naman ya ɓaci. Na ce bismilla na yanka. Ya jefa kayan cikin a ruwa, tsuntsaye suka rufu a kai, sai ga mikiyar teku ta sauko daga dutse ta watsa taron ta ɗauke rabonta. Ya nuna kudu maso yamma, wajen tsibirin Mosken, ya ce can ne Moskstraumen, inda ruwa ke juyawa yana murɗawa idan teku ya cika ko ya janye. Ba a zuwa can da ƙaramin jirgi.

A hanyar dawowa ne ya yi maganar da ta fi damunsa. Norwe da Rasha ne ke yanke adadin kifin da za a kama kowace shekara, kuma shekarun nan ana ta rage shi. Skrei ɗin ma ba ya gangarowa kudu da yawa kamar da. Matasa sun koma birni, ɗakunan masunta sun zama masaukin 'yan yawon buɗe ido.

Daren nan an dafa kifin da ruwa da gishiri kawai, da dankali da man shanu. Uwargida ta ciro yajinta daga jaka ba ta nemi izinin kowa ba. Na ce dare, amma rana tana nan a sama. Daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli ba ta faɗuwa a Lofoten. Mu da lokacin Makka muke salla a irin waɗannan watanni, kamar yadda masallacin Alnor na Tromsø da Musulmi da yawa a arewa suke yi. Na yi alwala a famfon waje da ruwan da ke sa haƙora kaɗawa, na fuskanci kudu maso gabas, na yi magariba inuwata tana shimfiɗe a kan dutse. Ba na jin zan taɓa sabawa da wannan.

Washegari muka tafi Reinebringen, dutsen da ke kan garin Reine, mai tsayin mita 448. Da can hanyar laka ce mai santsi da duwatsu ke gangarowa, sai aka ɗauko 'yan ƙabilar Sherpa daga Nepal, tun daga 2016, suka shimfiɗa matakalar dutse kusan dubu biyu. Hawan ba wasa ba ne. Cinya tana zafi tun kafin rabi. Amma maganar dattijon masallaci ta tabbata. Mutanen da ba sa kallonka a bas, a nan kowa sai ya gaishe ka. Wata tsohuwa ta tsaya ta gyara wa uwargida igiyar takalmi, ta ce a wajen saukowa gwiwa ke shan wuya, ta riƙa takawa a karkace. Daga sama ana ganin Reine da Sakrisøy da Hamnøy, gadoji sun ɗinke su, ruwan kore a gefe, shuɗi a tsakiya. Ƙoƙuwar siririya ce, gefe ɗaya rami. Ni dai zama na yi na riƙe rigar yaro. Wurin yana da kyau, babu musu, sai dai layi ake yi don ɗaukar hoto, kuma in za a ba ni zaɓi jirgin Baba zan koma.

Abin da ya sa kowa ke iya yawo haka doka ce ta 1957, wadda ta ba kowane mutum, ɗan ƙasa ko baƙo, damar ratsa daji da dutse da bakin ruwa ko da mallakar wani ne, muddin ba gona ko harabar gida ba ce. Kana iya kafa tanti na kwana biyu in ka yi nisan mita 150 daga gida mafi kusa, ka tsinki 'ya'yan itacen daji, ka kwashe sharanka. Mutanen Lofoten suna alfahari da ita, suna kuma kuka da ita, domin a bazara motocin kwana suna toshe musu hanya, wasu baƙin ma har bayan gida suke yi a bayan gidajen mutane. Da na ga abin da aka bari a gefen filin motocin Å, na ba su gaskiya.

Mun koma Bodø da akwati cike da kifi, wanda ya rage mana zirga-zirgar neman naman halal na makonni, da busasshen kifi guda da Baba ya ba uwargida, ya ce ta doke shi da guduma kafin ta jiƙa. Na shiga ƙungiyar masu yawon dutse ta ƙasar, DNT, wadda ke nan tun 1868, kuma yaron yana fita da 'yan rukuninsu duk Lahadi. Maƙwabcin nan mai gyaɗa kai ya ga takalmanmu a bakin ƙofa da laka a jiki, ya tsaya ya tambayi inda muka je, har ya gaya min wurin da ake samun 'ya'yan itace a watan Agusta, ko da yake abokina ya ce ba za a taɓa gaya maka wurin gaskiya ba.

Baba ya ce in dawo lokacin skrei in ga aikin da idona, a ba ni igiya in ɗaure wutsiyoyi. Na riga na nemi hutu a watan Maris. Azumi zai shigo cikin kakar, amma a lokacin dare da rana sun kusa daidaita, ana sahur da buɗa-baki da ranar garin. Yaron kuma ya kafe sai an saya masa wuƙarsa.